Rasuwar Dogo, Gungumen Gidan Audi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata da har yanzu ba su rabu da ƙasar rami ba, Attahiru ɗan Mode ɗan Audi, mahaucin Ƙofar Taramniya, a madadin kansa da iyalinsa da duk mai cin abinci da wuƙa a gidan Audi, yana sanar da 'yan'uwansa mahauta, da abokan ciniki, da maƙwabta, har da masu zuwa rumfa su sha ƙamshi su tafi ba su sayi komai ba, rasuwar dattijon gidansu, gungumen saran nama wanda birni ya sani da suna Dogo. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a daidai wurin da yake tsaye tun kafin a haifi mafi yawan waɗanda suka kewaye shi ran nan, bayan wata gajeruwar jinya da ba ta kai a tafasa ruwan zafi ba.

Malamin da aka ɗauko ya rubuta wannan takarda ya ƙi a yi wa itace addu'ar mamaci, kuma gidan bai yi masa gardama ba. Saboda haka duk inda mai karatu ya ji bakinsa na son cewa Allah ya jiƙa, sai ya juya addu'ar ga Audi da Mode, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma suka fi itace bukatarta.

Marigayin ɗan dajin Gundumi ne, kirya ce uwarsa. Audi, kakan mai wannan sanarwa, shi ya saro shi tun ana ciniki da kuɗin wuri, tun ba wanda ya taɓa ganin Nasara a ƙasar nan, raƙumi ya jawo shi har bakin rumfa. Audi mutum ne da ba zauren da yake shiga bai sunkuya ba. Ya kafa gungumen daidai ƙugunsa, ƙugun Audi kuwa ƙirjin sauran mutane ne, shi ya sa kasuwa ta laƙaba wa itacen suna Dogo. Sunan ya zauna har zuwa zamanin da baƙo kan zo ya dubi gungumen, ya dubi mai shi, ya yi murmushi ya zaci ba'a ce.

A kan marigayin aka haifi abin da ya ɗaga sunan gidan, wato ɗure. Audi ya koyo shi wurin wani mai dafa wa fataken Larabawa abinci. A wanke hanjin rago, a juya shi, a murza da gishiri, sannan a daddatsa tsoka da kitse har su zama laushi, a haɗa da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa da barkono, a ɗura a hanjin, a ɗaure, a jera a gefen tukuba wuta ta bi shi a hankali. Da farko mutanen Sakkwato sun ce wanda zai fitar da hanji daga cikin nama, ya dawo ya cusa nama cikin hanji, aikin yi ne ya ƙare masa. Daga baya suka ɗanɗana. Tun daga ran nan gidan Audi bai ƙara neman mai saye ba, kuma duk tsokar da ta shiga hanjin nan, shekara saba'in ko fiye, ta bi ta kan Dogo.

Halayensa na kirki ba su lissafuwa. Mai haƙuri ne, don an sare shi safe da yamma tsawon rayuwar mutum uku bai taɓa ramawa ba. Mai ƙanƙan da kai ne a wajen ci, gishiri da ɗan kitse da kankara da bayan wuƙa sun ishe shi. Mai riƙon amana ne. A kansa aka jingina aka yi gulmar rabin unguwa, ba kalma ɗaya da ta fita ta bakinsa. Gidan Audi ya daɗe yana yabonsa da wannan hali na ƙarshe, kuma sai ranar Talata aka san iyakar zurfin cikinsa.

Ranar da aka ji bindigar Nasara a bayan ganuwa, kowa ya suri abin da zai iya sura, Mode ya suri wuƙaƙensa da 'ya'yansa. Dogo kaɗai ne a Ƙofar Taramniya bai gudu ba, kuma gidan na lissafa masa wannan cikin jarumtaka. Ya ga mutuwar wuri, ya ga zuwan anini. Ya ga shekarar yunwa, lokacin da akan yi kwanaki ba a yanka ko ɗan akuya ba. A shekarar nan Mode kan fito da sassafe ya riƙa buga masa wuƙa babu nama, don kada maƙwabta su ji shiru su ce gidan Audi ya mutu. Dogo ya amsa masa kowace safiya, da irin muryar da yake amsawa ranar sallah.

Muryar tasa kuwa unguwa ta san ta. A hannun Audi, in ji tsofaffi, dum yake cewa, ya huta, ya sake cewa dum. A hannun Mode bakinsa bai tsayawa, kaf-kaf-kaf-kaf, wuƙa biyu a tare, har mata kan daka hatsi da kiɗansa. A hannun Attahiru sai ya koma tak-tak, shiru, tak-tak, shiru, saboda Attahiru ba ya iya sara sau huɗu bai tsaya ya ba wani labari ba. Kuma labarin guda ɗaya ne.

Ga labarin, ga wanda Allah ya kare bai taɓa jin sa ba. Audi dogo ya auri gajeruwar mace, ya haifi Mode, wanda bai wuce kafaɗarsa ba. Mode ya bi sawun ubansa wajen zaɓen mata, ya haifi Attahiru, wanda in yana bayan tukuba sai da muryarsa ake sanin yana nan. To al'adar gidan ita ce, ranar da uba zai miƙa sana'a, manyan mahauta kan taru, magaji ya tsaya a miƙe gaban Dogo, ya saki hannunsa, ya shimfiɗa tafinsa. In tafin ya zauna a kan gungumen ba tare da ya sunkuya ko ya ɗaga kafaɗa ba, sai a ba shi barhon Audi, babbar wuƙar gidan, ya yi saran farko. An gwada Mode, tafinsa ya zauna daram. Shekaru suka shuɗe, Attahiru ya dawo daga sayen shanu a Gwadabawa, aka tara dattawa, ya shimfiɗa tafi, ya zauna daram. Sai gidan ya yanke hukunci cewa wuƙa ce ke cin Dogo a hankali, shi kuma yana auna cin nan, yana risinawa daidai tsawon wanda ya zaɓa. Wato a gidan Audi ba uba ke naɗa magaji ba, itace ke naɗawa.

Attahiru ya riƙe wannan labari da hannu biyu, kuma a yi masa adalci, ba shi da wani. Yana yaro an yi masa waƙa a dandali. Yana saurayi an taɓa tambayarsa a gidan surukai ina babban da ya aiko shi. Bai gaji saurin Mode ba, bai gaji ƙarfin Audi ba. Amma akwai rana ɗaya da itacen da ya fi kowane itace daraja a kasuwa ya duba duk Sakkwato ya ce shi yake so. Shekara talatin yana ba da labarin ranar nan, yana shimfiɗa tafi yana nunawa, mai sayen nama na tsaye da akushi a hannu yana jira.

Sai Allah ya ba shi Zainaba, 'yar gidan dogaye, ita kuma ta haifa masa Yari. Yari ya tashi yana ta tafiya sama kamar dawa a damina mai kyau, har tsofaffi suka riƙa cewa Audi ne ya dawo. Hannunsa kuwa ba a magana. Ɗuren Yari bai taɓa fashewa a kan wuta ba, kuma in ya kama wuƙa biyu, tsofaffin matan unguwa kan leƙo su ga ko Mode ne. Abu ɗaya ne, sai ya lanƙwashe biyu yake kai ga Dogo. Ya yi gemu, ya yi aure, yana aiki a duƙe, in ya miƙe da yamma sai ya dafa bango.

Sau ɗaya ya yi magana, yana tsugune gaban ubansa.

"Baba, da an tada Dogo kaɗan, an aza mai duwatsu ƙasa. Bayana ya gaji."

Attahiru ya ce, "Dogo ba shi tashi ma kowa. Wanda yay yi daidai da shi, shi ad da shi."

Da shekaru suka kama Attahiru, hannunsa ya fara rawa, manyan mahauta suka matsa masa ya miƙa barho. Aka taru. Yari ya tsaya a miƙe, ya saki hannu, ya shimfiɗa tafi. Tafin ya tsaya a iska, tsakaninsa da gungumen ya fi taƙi biyu. Dattawan nan duk suka sunkuyar da kai suna kallon ƙasa. Daga cikin gida Gwaggo Sadiyatu, ƙanwar Mode, wadda ke haɗa yajin ɗure tun tana budurwa, ta aiko a ce wa Attahiru a tada itace. Attahiru ya ce a ce mata ta ji da hanji. Ya juya ya sanar da taro cewa Dogo ya yi magana, a ƙara jira. Wani dattijo ya tambaya a jira me, ko yaron zai koma gajere ne.

Yari bai ɗaga murya ba. Ya wanke wuƙaƙensa, ya jera su, ya durƙusa ya yi wa ubansa sallama yadda ya kamata, ya ɗauki matarsa ya nufi Gusau, inda yake tantance fatar jar akuya ga masu lodawa a jirgin ƙasa. Damina uku ke nan. Yakan aiko da gaisuwa ta bakin fatake, gaisuwa cikakkiya, ba ragi ba ƙari, irin wadda ta fi zagi ciwo. Zainaba ta daina zancen. Ɗure ya fara fashewa a kan tukuba, masu saye suna cewa ai laifin hanjin bana ne, saboda kunya. Kowa a Ƙofar Taramniya ya san in hannun Attahiru ya ƙare, ɗuren gidan Audi ya ƙare. Attahiru ma ya sani, kuma abin na cin sa, sai dai ya fi son ya yi rashin ɗa da ya ƙaryata itace.

Ciwon ajalin marigayin ya zo ne da umarni. Aka ce an gina wa mahauta sababbin rumfuna masu daɓen siminti, kowa ya kwashe kayansa ya koma can, kuma duba-gari zai zo ya ga an bar tsohon wuri a share. Attahiru bai ji haushi ba, har ma ya yi ta cika baki cewa Dogo zai zauna a rumfar farko, Bature ya gan shi ya cire hula. Ya ce ai ɗora shi kawai aka yi a kan ƙasa, ƙato huɗu sun ishe shi. Gwaggo Sadiyatu, wadda yanzu idonta ya yi rauni kuma ba ta fitowa sai an riƙe ta, ta sake aikowa, ta ce a kawo magina, ƙarfen tono, a fara tona gindinsa. Attahiru ya ba da amsar da ya bayar damina uku da suka wuce.

Ƙato huɗu suka kama, Dogo bai motsa ba. Aka ƙara huɗu, bai motsa ba. Attahiru ya ji hawaye sun zo masa, ya juya ya ce wa jama'a su shaida amana, ga itace ya ƙi barin inda Audi ya ajiye shi. Jama'a suka yi ta jinjina kai. Da a nan aka tsaya, da ya sami labari na biyu da zai kai shi kabari. Amma duba-gari na tsaye da sandarsa a hammata, rana na ɗagawa, sai Attahiru ya aika aka aro takarkari, san ɗaukar kaya. Da hannunsa ya ɗaura igiya a wuyan marigayin. Da bakinsa ya ce a kora.

Sa ya ja, igiya ta miƙe. Dogo ya yi wani nishi mai tsawo, ƙiiii, irin wanda ba a taɓa ji daga gare shi ba. Sannan ya ce ƙaras. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Ya karye daidai inda ya haɗu da ƙasa, wurin da jini da ruwan gishiri suka daɗe suna kwanciya. Rabinsa na sama ya gangara ya tsaya a bakin kwata, mai shi kuma ya zauna daɓas a tsakiyar rumfa ba tare da an ba shi tabarma ba.

Duba-gari ya yi ta'aziyya, mutumin kirki ne, sannan ya ce guntun da ya rage a ƙasa ma sai an cire shi. Aka kawo magina. Attahiru ya ce sara biyu ne zai fito. Aka yi sara biyu, aka yi ashirin, itace na ci gaba da tafiya ƙasa. Can sai ga wani baƙin zobe ya kewaye gungumen, mai sheƙin tsohon kitse, irin alamar da ƙasa ke bari a jikin abin da ya daɗe tsaye a cikinta. Masu tono suka dubi juna, suka ci gaba. Attahiru ya karɓi magina ya shiga ramin da kansa, daga baya ya yar da ita ya koma tono da hannu. Ƙasa da wancan sai ga zobe na biyu. Ƙasa da shi kuma sai gindin itacen, zaune a kan faffaɗan dutse. Da aka fito da shi aka haɗa da na sama, aka jingina, marigayin ya kai wa Attahiru haɓa. Abin da wuƙa ta ci a shekara saba'in bai fi kaurin yatsu uku ba.

Aka riƙo Gwaggo Sadiyatu aka kawo ta. Ta durƙusa, ta bi itacen da yatsu kamar mai laluben fuskar ɗanta.

Ta ce, "Wanga zobe na ƙasa, nan ƙasa tat tsaya mai zamanin Baba. Wanga na bisa, zamanin Mode na. Inda yak karye, naka na."

Attahiru, yana tsaye cikin rami kansa kaɗai ke waje, ya ce, "Gwaggo, ai wuƙa ta ka cin shi."

"Kirya ta, Attahiru, ba kabewa ba. Baba yag gina rami yan nitsa shi don Mode. Kai kuma da kat tahi Gwadabawa, Mode ya riga ya auna ka da kara kana alwala. Shi ka gina, ni ka kwasar ƙasa ga ƙwarya. Ƙasan nan ita munka ƙara ma tukuba."

"Don mi ba a hwaɗa mani ba?"

"Ya sa ni rantsuwa, muddin iccen na tsaye. Yac ce in lokacinka ya yi, ka gane da kanka, uba ba a koya mai wanga." Ta share yatsunta a zane. "Yac ce kuma kai ba ka da tsawo, a bar maka labari."

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, kuma gidan na gode wa jama'a da wannan. Dattawan mahauta suka sake sunkuyar da kai, sai a ran nan aka gane abin da suke kallo a ƙasa ranar da aka gwada Yari. Aka miƙa wa Attahiru hannu aka jawo shi daga rami. Ya shiga gida, ya sami Zainaba tana tankaɗe, ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗenta. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar da aka rufe Mode. Uba biyu sun durƙusa sun tona ƙasa a ɓoye don kada gajerun 'ya'yansu su ji kunya, na ukun aka roƙe shi duwatsu kawai.

Marigayin ya rasu ya bar barhon Audi, abokin zamansa na farko, wanda har yanzu yake da kaifi. Ya bar wuƙaƙe biyu na daddatsa, tagwaye, da turmin yaji, da tukuba, wadda aka gano yanzu 'yar'uwarsa ce ta jini tunda da ƙasar raminsa aka yi mata ƙari. Ya bar ƙudaje da ba a san adadinsu ba, marayu, suna ta shawagi a kan wurin da ba kowa. Ya bar ungulu uku a kan katanga, waɗanda suka fi wasu dangi zuwa zaman makoki a kan lokaci. Ya bar Gwaggo Sadiyatu, wadda ta ce tun da ta sauke rantsuwar nan barcinta ya gyaru. Ya bar Attahiru, wanda yanzu yake sara sau goma a jere bai tsaya ba, a kan aron gungume, saboda ba shi da abin faɗa. Ya kuma bar wani mutum a Gusau.

Ana karɓar ta'aziyya a zauren gidan Audi safe da yamma. Waɗanda suka taɓa tsayawa da akushi a hannu aka ba su labarin tafin hannu fiye da sau goma, suna da hakki, gidan ya sani. An ware musu ranar Alhamis bayan la'asar su zo su yi dariyarsu a gaban mai ita, za a ba su ruwa. Ana roƙon kada su yi ta a gaban Zainaba, don ita ba dariya take ji ba.

Game da jana'iza, an tambayi malam ko za a rufe marigayin, ya ce ba a rufe itace, kuma wannan rabinsa ya riga ya sha rufewa. Saboda haka ga yadda aka shirya. Rabin ƙasa, mai zobe biyu, ba za a taɓa shi ba. An wanke shi an kafa shi a zaure, daidai inda maigidan ke zama, yadda duk wanda ya shigo zai gan su tare. Rabin sama kuwa za a faskara shi a hura a tukuba, garwashin kirya ba ya saurin mutuwa, a gasa ɗure a kansa a raba sadaka, ladan ya kai ga Audi da Mode. Dogo ya yi shekara saba'in yana ɗaukar naman gidan nan ɗanye, ya dace ya ga yadda yake ƙarewa sau ɗaya.

Naman sadakar za a daddatsa shi ne a kan sabon gungume, wanda aka riga aka kai sabuwar rumfa. A nan gidan ke son gyara wata magana da ke yawo a kasuwa. Gaskiya ne sabon gungumen ya yi tsawo. Gaskiya ne an gwada, tafin Attahiru bai kai ba sai ya ɗaga kafaɗa har kunne. Gaskiya ne kuma daɓen siminti ne, ba mai iya nitsa wa kowa itace a cikinsa ko da yana da uba a raye. Amma Attahiru na son a sani cewa kuskuren masassaƙi ne. Zancen da ake yi, wai an ga maigidan ya shiga wurin masassaƙi da wani tsohon wandon Yari a ɓoye cikin riga, ya shimfiɗa shi a jikin itace ya ce a yanke daga nan, zance ne na marasa aikin yi. Masassaƙin ma an gargaɗe shi ya daina nuna wa mutane wandon, ya dawo da shi, Zainaba na nema.

Ba a saba jinkirta jana'iza ba, amma itace ba ya wari. An sa ta Juma'a ta uku mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da zai ishi mai tahowa daga gabas ko da ƙafa yake tafe, ko da kuma zai tsaya a hanya ya ɗan ƙara yin fushi. Fataken da ke bin hanyar Gusau, in sun ga dama, suna iya ambata rasuwar a rumfar masu fata. Ba kiran kowa ake yi ba. Sanarwa ce ta mutuwa, kuma mamacin ya san mutumin tun yana rarrafe. In ya tambaya, a ce masa Gwaggo ta daka yaji, rago na ɗaure, uwarsa ta share ɗaki. In ya tambayi ubansa, a ce yana nan yadda ya bar shi, sai dai ya ƙara gajarta.

Ana gayyatar kowa da kowa. Wanda zai zo ya taho da akushinsa, ya taho da haƙuri, don ba a san lokacin da za a ci ba. Attahiru ya sa an kifa turmin yaji gaban sabon gungumen, ya hau, ya ɗora barhon Audi a tsakiyarsa, ya sauko, ya sa an mayar wa Gwaggo turminta. Barhon na nan a sama. Za a hura Dogo a kan lokaci, za a zauna, kuma ba za a yi saran farko ba sai wanda tafinsa ya zauna ya iso.